Itacen Goro Da Yadda Ya Zaunar Da Mu A Kurmi



In ka tambayi yaranmu da aka haifa a Sabon Shagamu, ko Sabon Badun, ko Agege, me ya kawo kakanninsu ƙasar Yarbawa, yawanci za su ce maka kasuwanci. Haka ne, amma amsar ta yi faɗi da yawa. Shanu sun kawo wasu, almajiranci ya kawo wasu, aikin soja da na reluwe ya kawo wasu. Sai dai da yawa daga cikin tsofaffin gidajen unguwannin nan goro ne ya kafa su, kuma goron ne ya zaɓa musu inda za su zauna. Abin dariya shi ne, a cikinmu akwai wanda ya shekara 30 yana ɗaurin huhu bai taɓa tsayawa ya ƙare wa itacen kallo ba. A gida Arewa kuwa akwai dattijon da haƙoransa suka rine da goro, amma in ka kai shi gindin bishiyar sai ya ce maka mangwaro ce.

To, bari mu fara da itacen, don halinsa ne ya tsara sauran labarin.

Goro itacen kurmi ne, ganyensa ba ya kaɗewa rani da damina. Yakan kai tsawon mita 12 zuwa 20, yana da duhuwa sosai, ganyen nan kauri gare shi da sheƙi kamar an shafa masa mai. Masana tsirrai suna kiran danginsa Cola, sunan da Turawa suka ɗauko daga bakin mutanen yankin Saliyo da Gini, suka shigar da shi littattafansu a 1832. Sun ƙirga iri sama da 100 a cikin dangin, kuma dukkansu 'yan asalin Afirka ne. Mafi yawansu ba a cin 'ya'yansu. Babban gidan da goro ya fito kuwa mun san mutanen gidan sarai: kuka, da rimi, da auduga, da kuɓewa, da rama, da yakuwa. Koko ma ɗan gidan ne. Wato miyar kukar da muke ci da goron da muke wanke baki da shi bayan tuwo 'yan uwan juna ne, ɗaya ya zaɓi fako, ɗaya ya zaɓi kurmi.

Furensa ƙanana ne, fari-fari mai ratsin ja daga ciki, kuma a bishiya ɗaya akwai fure namiji akwai mace. Bishiyoyi da yawa ba sa ɗaukar barbara daga furen kansu, sai ƙwari sun kawo daga wata bishiyar. Shi ya sa za ka ga itace ya yi fure kamar ya karye, amma 'ya'yan kaɗan. Shi ya sa kuma ake iya fasa kwanso ɗaya a tarar da fari da ja kwance tare. Kwanson kore ne mai gurji-gurji, yakan fito har guda biyar a jikin kara ɗaya, a baje kamar yatsun hannu, kowanne da goro huɗu zuwa takwas ko fiye, a lulluɓe cikin farar riga. Daga fure zuwa nuna wata huɗu ne zuwa biyar, kuma babbar kakarsa tana faɗowa ne daga Oktoba zuwa Disamba. Itace ne mai son ruwan sama da yawa da inuwa yana ƙarami. Sai ya shekara shida ko bakwai kafin ya fara haihuwa, ba ya cika ƙarfi sai wajen shekara 20, amma yana iya kai wa jikokin wanda ya dasa shi yana bayarwa.

Abu biyu ne a halin wannan itace suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, goron da muke ci iri ne mai rai. Gero da dawa sai sun bushe suke ajiyuwa a rumbu, shi kuwa goro in ya bushe ya mutu, ya zama itace a baki. In ya jiƙe da yawa ya ruɓe, in an bar shi babu dubawa sankara ta cinye shi. Duk wata dabara ta sana'ar nan, daga jiƙa shi a cire rigar, zuwa barinsa a kwando ya yi gumi, zuwa shimfiɗa ganyen fita da yayyafa ruwa da kwance huhu a tsince wanda ya lalace, an ƙirƙire ta ne don a riƙe ran wannan iri har ya isa hannun mai ci.

Na biyu, ba kowane goro ne goronmu ba. Wanda Bahaushe yake nufi in ya ce goro shi ne mai ɓari biyu, wanda masana ke kira Cola nitida, ma'ana mai sheƙi. Akwai kuma mai ɓari uku zuwa shida, Cola acuminata, wanda Yarbawa ke kira abata suke ibada da duba da shi, Inyamurai kuma suke tarbar baƙo da shi. Mu irin wannan hannun ruwa muke ce masa, kuma kakanninmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba saboda yauƙinsa. Namijin goro kuwa ba ya ma cikin dangin, wani itace ne daban, ɗaci ne kawai ya haɗa su suna.

Allah da ikonsa ya raba wa waɗannan biyun ƙasa. Mai ɓari da yawa yana fitowa daga kurmin Najeriya zuwa Kamaru, Gabon, Kwango har Angola. Mai ɓari biyu kuwa asalinsa kurmin yamma ne, daga Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddebuwa zuwa ƙasar Tonawa a Gana ta yau. Tsakanin kurmin yamma da namu akwai wani zirin fili na ciyawa da ya sauko har bakin teku, daga wajen Ankara ta Togo zuwa Jamhuriyar Benin. Itacen da irinsa ba ya jure bushewa ba shi da hanyar tsallake wannan fili da kansa. Wannan ita ce amsar tambayar da yara masu wayo sukan yi: tun da ga kurmi nan kusa, kudu da Ilori, me ya sa kakanninmu suka riƙa taka ƙasa fiye da kilomita 1,000 zuwa Gwanja? A wancan zamani kurmin Yarbawa ba shi da goron da suke nema. Wurin da aka san ana samunsa kusa shi ne 'yan ƙauyukan Labuje a ƙasar Nufe, kuma abin da suke bayarwa bai wuce na fada da manyan mutane ba. Har yau in an ce goron Labuje an gama magana.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar goro ƙasar Hausa da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, ya ce Sarkin Nufe ya aika mata da goro 10,000. Littafin ya sa wannan a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ko da yake wasu masana tarihi suna ganin Amina ta zo bayan haka. Ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya gaje shi, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Waɗanda suka fara riƙe wannan fatauci Wangarawa ne, 'yan kasuwar Mali. A hankali harshensu ya narke cikin Hausa, sana'ar ta zama tamu.

Gwanja kanta ba ta da itacen goro. Ƙasar fili ce a arewacin Gana, kasuwa ce kawai a bakin kurmi. Tonawa suka ci ta da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18, kuma a farkon ƙarni na 19 suka tsayar da doka cewa fataken arewa iyakarsu Salaga, kada su shiga kurmi su ga inda abin yake fitowa. Tonawa su kawo goro a ka, Hausawa su karɓa su ɗora wa jakuna. Wannan lokaci ya zo daidai da jihadin Shehu Usmanu na 1804. Daular da ta kafu ta hana giya, shayi bai yaɗu ba tukuna, goro kuwa halal ne, yana kore barci ga mai karatun dare, yana danne yunwa da ƙishirwa ga matafiyi, saboda sinadarin nan na kafeyin da yake cikinsa kamar na kofi. Sai buƙatarsa ta yi tashin gwauron zabo. Sarki ya ba bafade, ango ya kai gidan surukai, a raba a suna, a raba a sadakar mamaci. Har ya shige cikin harshe, ya zauna daram: goron gayyata, goron sallah, goron albishir. In aka ce maka albishirinka ka ce goro, a tambaye ka fari ko ja.

Gidaje uku suka shahara a wannan hanya: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ya haɗu da ƙasar Azbin, suka zauna a ƙasar Kano da Katsina, da Kambarin Barebari da suka taso daga Barno suka yi cibiya a Gummi. Ayari yakan tashi bayan damina, madugu ne shugaba, jagaba a gaba, uban dawaki yana kula da sha'anin fito da kyautar sarakunan hanya. A haye Kwara ta wajen Yawuri da Busa ko ta Ilo, a ratsa Bargu, wasu su bi ta Nikki da Jugu, wasu ta Sansanin Mango, a haɗu a Yandi, a gangara Salaga. Zuwa kaɗai wata biyu ne ko uku, zuwa da dawowa wani lokaci shekara guda. Ana tafiya da kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin Kano, da kayan fata, da gabu, da dabbobi. Ana tafiya da bayi ma, ana sayar da su a kasuwar Salaga, kuma bai kamata mu tsallake wannan ba in muna ba 'ya'yanmu labarin. A 1826 Baturen nan Kilafatan ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta kayan jaki 500 na goro ke shiga birnin duk shekara.

A tuna cewa duk tsawon dawowar nan kayan da ke bayan jaki abu ne mai rai. Ana tafiya cikin hunturu da bazara, iska tana busar da komai. A zango, bayan mutum ya sauke waga ya ɗaure jaki, aikinsa bai ƙare ba, sai ya nemi ruwa ya yayyafa, bayan 'yan kwanaki kuma ya kwance ya tsince. Wanda ya yi lalaci ya iso Kano da tsakuwa. Daga nan ne muka gaji idon da ke raba marsa da minu da kallo ɗaya, da hancin da ke gane daushe.

Abin ya fara juyawa a 1874, shekarar da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Salaga ta ɓalle daga hannun Tonawa, su kuma suka toshe mata goro, kasuwa ta koma Kintampo da Atebubu da Kete Karachi. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, Hausawanta suka watsu, cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da yawa daga zangunan Hausawa na Gana a yau daga wannan watsewa suka ƙaru. Wasu fatake kuma suka gano cewa teku ta fi jaki sauri: a sauko da goro bakin ruwa, a sa shi a jirgi zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka riƙe wannan hanya ta Ankara zuwa Ikko kafin ya koma Kano ya shiga gyaɗa. Dukiyar gidan nan da duniya ta sani, daga huhun goro ta faro. Jirgin ƙasa ya isa Badun a 1901, a 1912 aka haɗa Ikko da Kano, tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki. Ayarin jakuna bai daɗe ba bayan haka.

Daga nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Goron da ake saukewa a Ikko, tun da iri ne mai rai, in an binne shi sai ya tsiro. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege da Ota suka fara dasa shi, suka ga kurminsu ya karɓe shi kamar nan aka halicce shi. A ƙasar da koko ya ƙi yin kyau, goro ya yi. Ya bi ta Ifo da Owode ya shiga ƙasar Remo, daga baya ya kai Ife da Ijesha da Ekiti da Ondo. Abin da itacen ya kasa yi da kansa cikin dubban shekaru, jirgin ruwa ya yi masa cikin 'yan shekaru. Yarbawa ba su ɓoye inda ya fito ba, har yau gbanja suke kiransa, wato Gwanja a bakinsu, wasu kuma su ce goro kamar yadda muke faɗa. Cikin shekaru kaɗan goron Kurmi ya ture na Gana a kasuwannin Arewa, yau kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro.

Da itace ya yi ƙaura, sai masu bin sa suka bi shi. Jikokin mutanen da ke zuwa Salaga suka fara sauka a tashoshin jirgin ƙasa na kudu. Sabon Badun an keɓe shi a 1916. Na Shagamu ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin goro na ƙasar nan. A kowane ƙauye mai goro sai ka tarar da 'yan rumfuna, da masallaci, da mai shayi, da malami mai allo. Bambancin da ke tsakanin nan da Gwanja shi ne a nan babu dokar da ta tsayar da mu a bakin kurmi, ɗan kamasho yana shiga har ƙauye, yana ciniki da matan Yarbawa da suka wanke goron suka adana shi, yana jin yarensu, wani har ya yi aure cikinsu.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963 yana nazarin yadda aka yi sana'ar ta tsaya a hannun Hausawa, alhali manomin Bayarabe ne, gonar ma tasa ce. Abin da ya gano dattawanmu sun riga sun sani, amma yana da kyau matasa su ji. Kayan da ke lalacewa ba ya jiran takarda da lauya. Dole mai saye a Kurmi ya san farashin Kano na yau, dole a ba da kaya bashi, dole a damƙa dukiya mai yawa a hannun mutumin da zai yi tafiyar kwanaki da ita. Wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da ke jin harshe ɗaya, suke sallah a sahu ɗaya, suke da mai gida da zai tsaya wa baƙo da sarki da zai yi hukunci. Mai gida ya sauki falke, ya ciyar da shi, ya ba shi ɗakin ajiya da masu ɗauri, ya lamunce masa. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa Ujile. A ganinmu wannan shi ne ainihin abin da ya gina Sabo: iri mai saurin mutuwa ya tilasta wa mutane riƙon amana, riƙon amana kuma ya bukaci unguwa.

Ana yawan cewa goro Bayarabe ke nomawa, Bahaushe ya ci, Inyamuri ya girmama. Magana ce mai daɗi a taron siyasa, amma ba iri ɗaya Bahaushe da Inyamuri suke riƙe ba, kuma zaman bai kasance lami lafiya kullum ba. Waɗanda suka ga rikicin Shagamu na watan Yulin 1999, wanda ya taso a lokacin bikin Oro, da ramuwar da ta biyo baya a Kano, ba su manta rayukan da aka rasa ta kowane ɓangare ba. Amma da kaka ta zo, mai gona yana da goron da ba zai iya ajiyewa har abada ba, mai ɗauri kuma ba shi da gonar kansa. Aka koma ciniki.

Itacen ya yi tafiyar da ta fi tamu nisa. Ya bi jiragen bayi zuwa Jamaika da Burazil, kuma sunansa ne rabin sunan Coca-Cola, wanda wani mai haɗa magani ya ƙirƙira a Atlanta ta Amurka a 1886. Namu kuwa daga Mariri a Kano da Shagon Goro a Sakkwato yana wucewa Nijar da Chadi da Sudan, alhazai ma suna kai shi ƙasa mai tsarki.

Halin da ake ciki yanzu ba sai an faɗa wa 'yan goro ba. Agege da ta fara dasa shi ta zama gidaje da kwalta. Gonakin da ke bakin babbar hanyar Ikko zuwa Badun suna komawa masana'antu da rukunin gidaje. Bishiyoyi da yawa da ake girba a yau tsofaffi ne, kakannin masu gonar suka dasa, 'ya'yan manoman kuma sun tafi birni. Goron Gana da na Kwaddebuwa ya dawo yana cike giɓi. A ɗaurin aure alawa da cingam sun matse goro gefe, matasanmu kuma sun fi son lemon gwangwani mai sa kuzari. Akwai kuma laifin da yake namu: masu zuba wa goro maganin ƙwarin feshin gona don gudun sankara. Abin da ake ci ɗanye, ba dafawa ba ɓarewa, dattijo ya jefa a baki bayan sallar asuba, bai kamata guba ta kusance shi ba, kuma shugabannin kasuwa suna da ikon hana wannan in sun so.

Cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre kusa da Badun, wadda aka kafa a 1964, goro yana cikin amfanin gonar da aka ɗora mata, kuma tana fitar da dashe ingantacce mai saurin haihuwa. Mun shekara sama da 100 muna saye a gindin itacen nan, ba laifi ba ne masu hali a cikinmu su zauna da abokan cinikinsu manoma a yi maganar sabon dashe tun kafin tsofaffin su faɗi.

Sannan muna roƙon duk wanda yake da tsoho a gida da ya yi zamanin lodin goro a jirgin ƙasa, ko ya ji labarin Gwanja daga bakin kakansa, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya. A tambaye shi sunan madugun gidansu, da garin da suka taso, da mai gidan da ya fara saukar da su a Kurmi, da shekarar da suka zo in ya riƙe.